Cindo, haɗewar yatsu da ƙwayar gadon HOXD13: tambayoyin da iyaye suka fi yi

Tambayoyin nan su ne dai suke ta dawowa daga bakin iyayen da aka haifa musu yaro da yatsa shida ko yatsu a manne, musamman waɗanda suka shiga waya suka yi bincike suka ci karo da sunan HOXD13 hankalinsu ya tashi. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai ɗan zurfi, in ka ga an ce duba lamba kaza to can bayanin ya fi cika.

1. Wai menene HOXD13 ɗin nan?

Ƙwayar gado ce guda ɗaya cikin kusan 20,000 da suke jikin kowane ɗan Adam, tana zaune a kan kuromosom na 2 (kuromosom shi ne ƙunshin DNA, wato rubutun gadon da yake cikin ƙwayoyin halittar jiki), kuma kowa yana da ita guda biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Ba cuta ba ce, ni da kai duk muna da ita, ba don ita ba ma da yatsunmu ba su fito yadda suke ba. Aikinta shi ne ta haɗa wani furotin, wato sinadarin da yake yin aiki a jiki, da yake zuwa ya kama DNA ya kunna wasu ƙwayoyin gadon ya kashe wasu a daidai lokacin da ake tsara ƙarshen hannu da ƙafa na ɗan tayi, da kuma can ƙasan jiki wajen al'aura da ƙarshen hanji.

In kana son ka gane ta da sauri ka ɗauke ta kamar fomal, wato shugaban leburori, a wajen gini, shi ba ya ɗaukar bulo ba ya kwaɓa siminti amma shi yake cewa nan ɗaki nan ƙofa nan a tsaya, to ranar da ya ruɗe leburori ba za su fasa aiki ba, za su yi ginin ne da ƙwarinsa sai dai katanga ta fito inda ya kamata a bar hanya.

2. Me ya haɗa ta da wani abu da ake cewa homeobox?

Homeobox wani guntun rubutu ne a cikin DNA mai tsawon haruffa 180, shi yake ba da ɓangaren furotin mai amino asid 60 (su ne tubalan da ake gina furotin da su) wanda shi ne ainihin hannun da yake riƙe DNA ɗin. Ƙwayoyin gadon mutum sama da 200 suna ɗauke da wannan guntun, amma 39 daga ciki su ake kira HOX kuma a rukuni huɗu suke: HOXA a kuromosom na 7, HOXB a na 17, HOXC a na 12, sai HOXD a na 2. Abin da ya fi ba ni mamaki a lamarinsu shi ne yadda suke jere a kan kuromosom haka suke aiki a jiki, masu ƙaramar lamba su fara kunnuwa su kula da wajen kai da wuya, masu babbar lamba su zo daga baya su kula da ƙarshe, shi ya sa mai lamba 13 rabonta ya faɗo a kan yatsu.

Kuma ba a jikin mutum aka fara gano su ba, a jikin ɗan mitsitsin ƙudan nan ne mai bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba. Edward Lewis a Amurka ya shafe shekaru yana nazarin ƙudajen da suke fitowa da fiffike huɗu maimakon biyu, akwai ma wasu da ƙafa take tsiro musu a ka inda ya kamata ƙahon jin motsi ya fito. A 1984 ɗakin binciken Walter Gehring a Basel ta ƙasar Suwizalan, da Matthew Scott da Amy Weiner a Indiana ta Amurka, kowanne da kansa suka wallafa cewa ƙwayoyin gadon nan suna da guntun rubutu iri ɗaya, ba a jima ba aka same shi a kwaɗo da ɓera da mutum. Lewis ya karɓi kyautar Nobel a 1995 tare da Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus.

3. A wane watan ciki ne hannu da yatsu suke fitowa?

Da wuri sosai fiye da yadda mutane suke zato. Wajen ƙarshen sati na 4 da shigar ciki wani ɗan tsiro yake ɓullowa a gefen ɗan tayi, na hannu ya riga na ƙafa da kwana biyu ko uku, zuwa sati na 6 bakinsa ya baje ya yi faɗi an fara ganin layi biyar na guringuntsi a ciki amma duk a haɗe suke da nama, daga nan sai ƙwayoyin halittar da suke tsakanin layukan su mutu da kansu bisa tsari, zuwa ƙarshen sati na 8 yatsu sun rabu tsaf. Wato kowa a haɗe yatsunsa suka fara. Agwagwa ma abin da ya sa take da fata tsakanin yatsu kenan, a ƙafarta wannan mutuwar ba ta kammala.

In aka yi lissafi irin na awo daga ranar jinin ƙarshe, sati 10 kenan, wata biyu da 'yan kwanaki. Mata da yawa a lokacin ma ba su gama tabbatar da ɓatan watan ba balle su je awo. A riƙe wannan lissafin don shi ne amsar rabin tambayoyin da suke ƙasa, musamman ta 7 da ta 11.

4. To a cikin wannan duk ina HOXD13 take shigowa?

Tana kunnuwa sosai a bakin tsiron nan lokacin da ake fitar da tafin hannu, ita da ƙawarta HOXA13, suna taya tsara yawan yatsu da tsawonsu da inda gaɓa za ta zauna da rabuwarsu. Ba su kaɗai ba ne, akwai wani saƙo da yake fitowa daga gefen ƙaramin yatsa sunansa SHH da wata ƙwayar gadon GLI3 da take taka masa birki, su ne suke bambance ɓangaren babban yatsa da na ƙarami. Da masu bincike suka cire wa ɓera Hoxa13 da Hoxd13 gaba ɗaya, yatsun ba su fito ba sam.

5. Idan ta sami matsala ya hannun yaro yake zama?

Siffar da aka fi sani likitoci suna ce mata sinfolidaktili, haɗewa da ƙari a lokaci ɗaya: a hannu yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami wato na 3 da na 4 su manne, sau da yawa kuma akwai wani ƙarin yatsa ko guntun ƙashinsa a ɓoye a tsakaninsu wanda sai hoton ƙashi yake nuna shi, a ƙafa kuma na 4 da na 5 ne suke haɗewa. Wani hannu ɗaya ne, wani duk hannu da ƙafa, wani kuma ƙaramin yatsansa ne kawai ya ɗan karkace ba wanda ma ya taɓa lura. Akwai wasu canje-canjen a cikin ita HOXD13 ɗin da ba sa kawo haɗewa sai gajartar yatsu.

A 1996 aka tabbatar da alaƙar, a binciken Muragaki da Mundlos da Upton da Olsen a Boston, kuma ita ce tawayar haihuwa ta farko a mutum da aka danganta da wata ƙwayar HOX. Yadda canjin yake a ciki yana lamba 14.

6. Ɗana cindo ne, ɗan yatsa yana reto a gefen ƙaramin yatsansa. Shi ma HOXD13 ɗin ce?

Kusan tabbas ba ita ba ce, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Cindon da muka sani tun kaka da kakanni har ake sa wa yaro suna da shi, ɗan nama mai siririn wuya a gefen ƙaramin yatsa wani lokaci har da ɗan farce, abu ne da ya yawaita a baƙar fata, wajen ɗaya cikin jarirai 100 zuwa 150, ya ninka na Turawa kamar sau goma. Yana bin dangi shi ma, amma wurinsa daban ne da na lamba 5, shi a gefe yake a waje, na HOXD13 a tsakiyar hannu yake tare da mannewa kuma shi ba kasafai ake ganinsa ba. Galibin cindo ba abin da yake tare da shi, yaro lafiyarsa ƙalau.

Inda za a tsaya a duba da kyau shi ne in ƙarin yatsan yana da cikakken ƙashi da gaɓa, ko a ɓangaren babban yatsa yake, ko kuma ya zo tare da wani abu daban kamar tsagewar leɓe, kai ya yi girma ko ƙanƙanta da yawa, yaro yana shuɗewa ko numfashi da ƙyar, ko ba ya iya kama nono. Wannan kam likitan yara za a kai shi tun kafin suna, don akwai lalurorin kuromosom da na zuciya da ƙoda da ƙarin yatsa yake zama alamarsu.

7. Surukata ta ce wani abu na ci ko na tsallaka da ina da ciki. Laifina ne?

A'a 'yar uwa, ba laifinki ba ne. Ba cin ƙwai ba ne, ba fita da almuru ba ce, ba kallon husufi ba ne, ba kuma don kin yi wa wani mai tawaya dariya ba. Canjin yana cikin ƙwan mace ko maniyyin namiji tun kafin su haɗu, kuma kamar yadda aka faɗa a lamba 3 yatsun sun gama tsaruwa tun ciki bai fito ba, duk abin da aka ce kin yi a wata shida ko bakwai ya zo bayan an gama aikin. Kuma HOXD13 ba ta kan kuromosom na jinsi, yadda za ta iya zuwa daga uwa haka daidai za ta iya zuwa daga uba, saboda haka masu gida a daina barin dangi suna ɗora wa mai jego, tana fama da ruwan zafi tana fama da baƙar magana. Ni shawarata kafin a ce komai kowa a gidan ya cire takalmi a duba yatsun ƙafa, har da na Baba da na Hajiya.

Hukuncin Allah ne babu musu, sanin sababinsa kuma bai rage komai a imani ba.

8. Ni da matata hannunmu lafiya lau, ya aka yi ya fito a ɗanmu? Kuma na gaba fa?

Hanya biyu ce. Ko dai ɗayanku yana ɗauke da canjin bai bayyana a jikinsa ba, wannan sananne ne a sinfolidaktili, za ka ga kaka yana da shi, uba ba komai, jika ya zo da shi, mutane su ce ya tsallake, alhali bai tsallake ba yana nan a jikin uban shiru kawai ya yi, ko kuma sabon canji ne da ya faru a wannan cikin kaɗai.

In ɗayanku yana ɗauke da shi, kwafi ɗaya ya isa, kuma kowane ciki rabi da rabi ne, kashi 50 cikin 100 yaro ya gada. Ba wai in na fari ya samu na biyu zai tsira ba, kowane ciki lissafinsa sabo ne, za a iya haifar huɗu duk da shi a kuma iya haifar huɗu ba ko ɗaya. Wanda ya gada ɗin ma ba dole nasa ya yi irin na yayansa ba.

9. Auren zumunci ne ya jawo? Matata 'yar baffana ce.

Ba shi yake ƙirƙirar canjin ba, tunda kwafi ɗaya yana isa ko bare ka aura yaro zai iya gada. Amma in abin yana cikin danginku kuma ku biyun duk kuna ɗauke da shi, to a kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu yaro ya sami kwafi biyu, kuma wannan ya fi tsanani nesa ba kusa ba: hannu da ƙafa gajeru, yatsu duk a cure, ƙasusuwan tafin hannu su dunƙule su koma kamar na wuyan hannu. An rubuta irin wannan a wani babban dangi a Turkiyya da suke yawan aure a tsakaninsu. Saboda haka dangin da suka san haɗewar yatsu tana yawo a cikinsu, kafin a kai kuɗin gaisuwa tsakanin 'ya'yan wa da ƙani gara a zauna da likita. Cindo na lamba 6 bai shiga wannan maganar ba.

10. Mun yi gwajin kafin aure duk AA ne, me ya sa bai nuna ba?

Don ba ita yake dubawa ba. Jinotayif ɗin da ake yi, wanda dokar Kano ta 2024 ta wajabta tare da gwajin HIV da ciwon hanta, na sikila ne, yana kallon ƙwayar gadon jini a kuromosom na 11. HOXD13 sai an karanta rubutunta ita kanta, gwaji ne na musamman mai tsada, kuma gaskiya yawanci ba a buƙatarsa, duba hannu da hoton ƙashi da tarihin dangi su ne suke nuna wa likita abin da zai yi.

11. Sikanin zai nuna tun a ciki? Akwai maganin da zan sha ya hana?

Sikanin da ake yi na duba gaɓoɓi tsakanin sati 18 zuwa 22 yana iya nunawa amma yana iya kuskurewa, yaro yana dunƙule hannu, na'ura wata ta fi wata, kuma mannewar fata zalla da wuya ta fito a hoto. In kin san akwai a danginku ko na maigida ki faɗa wa mai yi ya tsaya a kan hannu da ƙafa. Ba maganin da yake hana canjin da aka gada. Folik asid da ake bayarwa a awo ki sha, tun kafin ciki ma ya fi, amma kariyarsa ta laka da ƙwaƙwalwa ce, ba ta yatsu ba.

Abin da yake hannunki shi ne kauce wa abin da zai rikita ɗan tayi a satuttukan farko. Sinadarin da jiki yake samarwa daga bitamin A yana cikin masu kunna ƙwayoyin HOX, shi ya sa maganin ƙurajen fuska isotretinoin, wanda dangin wannan sinadarin ne, yake da mugun haɗari ga mai ciki, haka maganin farfaɗiya valproate, amma wannan kar ki daina shi da kanki, likita ne zai canja miki, kuma ya fi kyau tun kafin ki ɗauki cikin. Mai ciwon suga ta daidaita shi kafin ciki. Duniya ta ga darasi a thalidomide da aka riƙa ba mata don laulayi daga 1957 zuwa 1961, aka haifi yara kusan 10,000 da gajerun hannuwa da ƙafafu, saboda haka shiga kemis a ce a haɗa min na amai a watan farko ba ƙaramin ganganci ba ne.

12. Ungozoma ta ce a ɗaure cindon da zare ya faɗi da kansa, wasu sun ce a bari wanzami ya cire ranar suna.

Don Allah kar a yi ko ɗaya a gida. Ɗaurewar ana yin irinta a asibiti ga mai siririn wuya, amma ko can tana barin ɗan kumburi, wani lokaci jijiyar da take ciki ta dunƙule ta riƙa yi wa yaro zafi har ya girma, shi ya sa likitoci da yawa suka fi son su yanke shi daga tushe da allurar kashe zafi, aikin 'yan mintuna ne. A gida kuma ga zubar jini, jariri ɗan jinin da kake rainawa a wajensa mai yawa ne, ga aska da zaren da ba a dafa ba mai iya kawo cutar sarƙe haƙora, ga shi ido ba ya gane ko akwai ƙashi a ciki. Ba gaggawa a cire shi, in an bar shi ma ba ya cutarwa sai dai ya maƙale a riga ko ya murɗe ya yi baƙi, in ya murɗe ɗin to a tafi asibiti a ranar.

13. Yatsun 'yata a manne suke. Yaushe ake raba su, kuma ina za mu je a Kano?

A fara da likitan yara, ko a asibitin Hasiya Bayero ko na Murtala ko na Nasarawa ko duk inda aka haihu, shi zai duba sauran jiki ya tura ku. Aikin kansa na likitocin ƙashi da masu tiyatar gyaran fata ne, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za a ɗauki hoton ƙashi a ga fata ce kawai ta haɗe ko har da ƙashi, da ko akwai ɓoyayyen yatsan da aka ambata a lamba 5.

Yawanci ana raba yatsun hannu tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, amma in waɗanda suka haɗe tsawonsu ya bambanta sosai kamar babban yatsa da manuniya ko ƙarami da na kusa da shi ana yi da wuri, wajen wata shida, don gajeren yana janye dogon ya lanƙwasa shi. Sau da yawa fatar ba ta isa rufe yatsu biyu sai an yanko kaɗan daga wani wuri kamar matsematsi, kuma in yatsu uku ne a jere ba a raba su rana ɗaya saboda jijiyoyin jinin na tsakiyan, sai a yi aiki biyu. Gaskiyar da ya kamata iyaye su ji tun farko: na HOXD13 ya fi mannewar fata zalla wahala, gaɓar tana iya zama a sandare ko yatsa ya ɗan karkace ko bayan aiki, wani sai an koma yayin da yake girma, amma yara suna rubutu suna cin tuwo suna sana'a da hannun. Na ƙafa kuwa in ba ya hana sa takalmi sau da yawa barinsa ake yi.

14. Menene ainihin abin da ya canja a cikin ƙwayar gadon, kuma zai taɓa ƙwaƙwalwa ko haihuwa?

A farkon furotin ɗin HOXD13 akwai amino asid ɗaya mai suna alanin da yake maimaituwa sau 15 a jere. A sinfolidaktili sai a sami ƙarin 7 zuwa 14, ya zama 22 zuwa 29, kuma iya tsawon ƙarin iya tsananin abin da yawan waɗanda yake bayyana a jikinsu cikin dangi. Shi homeobox ɗin na lamba 2 lafiyarsa lau, amma furotin mai dogon alanin yana cuccurewa ya kasa shiga inda DNA take yadda ya kamata, har ya hana sauran furotin na HOX aikinsu, shi ya sa a ɓera wannan ƙarin ya fi cire ƙwayar gadon gaba ɗaya ɓarna. Tsawon ba ya yawan canjawa daga uba zuwa ɗa.

Ƙwaƙwalwa ba ruwanta, basirar yaro daidai take da ta kowa. Wajen al'aura an ga wasu maza a dangin da ƙarin ya fi tsawo da ƙofar fitsari a ƙasan kaciya maimakon a baki, in aka ga haka a dakatar da kaciya har likitan tiyata ya gani don fatar da ita ake gyaran. Wadda ta fi taɓa wannan ɓangaren ita ce HOXA13, da aka gano alaƙarta a 1997: gajeren babban yatsan hannu da na ƙafa, mahaifa mai rabuwa biyu a mata wadda take iya kawo ɓari, da yawan ciwon mafitsara.

15. Tunda an san ƙwayar gadon, ba za a iya gyara ta ba yatsun su dawo daidai?

A'a. Aikinta a kan siffar hannu ya ƙare tun sati na 8, ko da yau an gyara rubutun a jikin yaro ƙashin da ya riga ya haɗe ba zai rabu ba, sai wuƙar likita. Haka tiyatar ita ma ba ta taɓa gadon, wanda aka raba wa yatsu yana yaro in ya yi aure lissafin lamba 8 yana nan a kan 'ya'yansa, ya kamata a faɗa masa in ya girma, a kuma adana masa hoton ƙashinsa na farko da takardun asibiti don likitan da zai duba nasa yaran.